Likita ya ce maigida ya rage shinkafa da gishiri, yaya zan yi da tuwonsa?

Maman_Walida_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Abban yara direba ne, shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙi a nan Jidda. Makon jiya ya je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, saboda ciwon kai da ya ƙi sakinsa, aka auna jininsa ya kai 150 bisa 95, suga na tarakumi, wato awon da yake nuna matsakaicin sugan jini na kusan wata uku, kuma 6.2. Likita ya ce ciwon suga bai kama shi ba tukuna amma yana gab, ya rage shinkafa da gishiri da mai, ya dawo bayan wata uku. To bawan Allahn nan yini yake a mota, abin da yake ɗokin ya dawo ya tarar shi ne tuwon shinkafa da miyar taushe, ranar Juma'a kuma kabsa, dafa-dukan shinkafa da kaza ko nama ta Larabawa. Kwana uku na yi ina ba shi salak da gasasshen kifi. Yana ci bai ce uffan ba, amma ina ganin yadda yake ture farantin. Daren jiya ya dube ni ya ce, "Yau ma babu tuwo?" Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ga ciwon baya da na gwiwa, kullum sai ya sha ƙwayar rage zafi kafin ya kwanta. Yaya zan gyara girkin ya zama na gida kuma bai cutar da shi ba? Ciwon jikin kuma me kuke yi masa a gida?

Hajiya_Indo_Misfala:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki mayar masa da tuwonsa yau ɗin nan. Namijin da aka hana tuwo a gida, a waje zai cika cikinsa da soyayyar kazar burost da lemon gwangwani ba ki sani ba. Kakannina da ƙafa suka zo ƙasar nan, ta Cadi da Sudan, suka tsallako teku ta Sawakin. Tuwon dawa da miyar kuka suka ci har suka tsufa a Makka, ban taɓa jin an ce musu suga ba. Shinkafar nan ta Masar da muke tuƙawa don ta fi saurin laushi, ita ce ba tamu ba. Ki je wurin masu sayar da hatsi ko attar ki ce dukun, gero ke nan, ko zura, ita ce dawa. A niƙa miki da dusarsa, kada ki tankaɗe da rariya mai laushi.

Nas_Rabi_Madina:
Hajiya ta faɗi gaskiya a kan tuwo, sai dai in ƙara abu ɗaya da girmamawa. Mutanen da suka taka daga ƙasar Hausa zuwa Bahar Maliya ba irin zamanmu suka yi ba. Mu daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sai ta mota. Kuma a lokacinsu wa yake awo? Da yawa sun tafi da hawan jini aka ce ajali ne kawai.

Maman Walida, ga ma'anar lambar da aka ba ku. Tarakumi daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, daga 6.5 ake kiransa ciwon suga. Inda yake yanzu ana iya komawa baya in an dage. Gero da dawa sun fi farar shinkafa saboda dusar tana hana suga hawa farat ɗaya, amma su ma sitaci ne. In da malmala uku yake ci, ki mayar da ita ɗaya da rabi, ki cika kwanon da miya mai ganye da nama ko kifi ko wake. Ido ya ga kwano cike, ciki kuma ya ƙoshi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunki shi ne ƙwayar da yake sha kullum. Wace iri ce? In ibuprofen ce ko diclofenac, suna ƙara hawan jini, suna taɓa ƙoda, suna ƙwarzar ciki. Don Allah ki duba kwalin ki gaya mana.

Maman_Walida_Jidda:
Na duba Anti Rabi, diclofenac ce. Ya fi shekara yana sha. Ban san tana da alaƙa da jini ba.

Nas_Rabi_Madina:
To ya ɗauki kwalin ya kai wa likitan da ya auna shi, kada ya jira wata ukun. Ya nemi a duba masa ƙoda. In ba zai samu fita daga wurin aiki ba, ku kira 937, layin ma'aikatar lafiya ne, akwai likitoci dare da rana.

Abu_Sadiq_Direba:
Hajiya Maman Walida, ni abokin sana'arsa ne, a Riyad nake, kuma abin da ya same shi ya same ni shekara uku da suka wuce. Zan gaya miki abin da wataƙila bai gaya miki ba. Matsalar direba ba a gida take ba, a mota take. Da safe burodin tamis da waken ful da shayi mai suga cokali uku. Hantsi wani shayin. Azahar shinkafa bukari da rabin kaza, da lemo mai sanyi saboda zafi. La'asar wani lemon. Tuwonki na dare shi ne mafi tsabta a duk abin da ya ci a yinin. Ni da na lissafa, gwangwani uku nake sha kullum, kuma kowane gwangwani na mili 330 yana da suga kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali takwas zuwa tara. A 2017 gwamnatin nan ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan lemon nan, muka yi ta ƙorafin tsada muna ci gaba da saya. Ranar da na daina, na koma ruwa da laban, wato nono, ban taɓa tuwona ba, a wata huɗu na sauke kilo shida. Ki tambaye shi a hankali, ba da faɗa ba, me yake ci tsakanin fitarsa da dawowarsa.

Ummu_Haidar:
Malam Abu Sadiq ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Nawa ma haka, motarsa cike da gwangwanaye.

Bint_Sinnar:
Salam daga 'yar uwarku ta Mai Wurno, yanzu muna Gadarif. Mu a nan dawa ce abincinmu, asida da kisra, da mulah na waika, wato busasshiyar kuɓewa da aka daka. Da ɗan sharmut, naman da aka shanya, da albasa, miya ta haɗu ba sai an malala mai ba. Maman Walida ki gwada jiƙa garin dawar ya kwana ya ɗan yi tsami kafin ki tuƙa. Tsamin yana sa baki ya gamsu ko gishiri bai ji sosai ba. Kuma mulukiyyar da take cike da kasuwanninku lalo ce fa, ba wani baƙon ganye ba. Bamiya kuɓewa. Miyar gida tana nan kewaye da ku da sunan Larabci.

Maman_Walida_Jidda:
Wallahi ban taɓa haɗa mulukiyya da lalo ba, shekara tara ina wuce ta a halaga, kasuwar kayan miya! Allah ya kawo muku zaman lafiya a Sudan, Yaya.

Bint_Sinnar:
Amin ƙanwata, na gode.

Kuku_Ɗanladi:
Ni girki ne sana'ata, a wani gidan abinci nake aiki a Makka. Bari in yi magana a kan kabsa da taushe tunda su ne sarakan gidan.

Kabsa ba mai ne daɗinta ba, kayan ƙamshi ne: hel, kirfa, kanumfari, lumi baƙi, ganyen gar. Ki cire fatar kazar ki dafa ta, ki sa romon a firji ya huce, kitsen zai taso ya daskare ki kwashe. Albasar ki soya ta da mai babban cokali biyu kacal, a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja, kada ki yi gaggawa, nan ɗanɗanon yake. Kazar ki gasa a furun, wato tanda, maimakon suya. Shinkafar ta zama basmati, ki zuba karas da yawa da ɗan adas ko hummus a ciki, sai ta ragu ba a lura ba. Dakkus, miyar tumatir mai yaji, a gefe.

Taushe kuwa ita kanta ba ta da laifi. Kabewa ce da ganye da gyaɗa. Gyaɗar ai mai ce, to me ya kawo ludayin manja a kai? Cokali ɗaya ya isa don launi, ga shi dama tsada yake a nan sai an kawo tsaraba. Inda gishiri yake ɓuya shi ne dunƙule. Kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu jefa huɗu, mu ƙara gishiri, mu ƙara farin magi. Ki rage ɗaya duk mako, ki ƙara daddawa da busasshen kifi da tafarnuwa da citta. Kada ki cire gaba ɗaya rana guda, zai gane. Harshe yana sabawa in an bi shi a sannu.

Nas_Rabi_Madina:
Madalla da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin burodi da cuku da zaitun da ɗurshi, kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan gishiri. Busasshen kifin ma a jiƙa shi a zubar da ruwan, wani da gishiri ake shanya shi.

Baba_Mai_Dabino:
Duk wannan dogon lissafi ne. Ku ba shi zuma da habbatus sauda da safe, da dabino ajwa bakwai. Zuma ba ta tayar da suga, magani ce. Annabi (SAW) ya ce habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Ni shekarata sittin da biyu ban taɓa shan ƙwayar asibiti ba.

Ɗalibi_Jamia:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Hadisin habbatus sauda ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, na ajwa bakwai ma haka. Amma malamai irin su Ibnu Hajar sun yi bayani cewa magani yana da gwargwado da yanayin mai shansa. Kuma shi Manzon Allah (SAW) ne ya ce mu nemi magani, shi ne kuma ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, in ya zama dole to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wannan yana cikin Tirmizi. Ina ganin shi ne hadisin da ya fi dacewa da tambayar Hajiya. Akwai kuma talbina, kunun garin sha'ir, wadda Nana A'isha (RA) take umarni a dama wa mara lafiya da mai baƙin ciki. Tana da kyau da safe a madadin tamis.

Nas_Rabi_Madina:
Baba, da girmanka, zuma tana tayar da suga. Ina auna mutane kullum, na gani da idona. Cokali ɗaya a cikin talbina babu laifi ga mai 6.2, amma ba a ce a sha da ludayi ba. Dabino ma biyu ko uku tare da abinci. Sha'ir kuwa na goyi baya ɗari bisa ɗari, shi da shufan, wato oats, suna taimakawa wajen rage kitsen jini. Tunda an ambaci zuma, iyaye mata a kiyaye, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ko lasa.

Baba_Mai_Dabino:
To 'yata, ke kika karanta. Amma habbatus saudar dai kada a bari.

Nas_Rabi_Madina:
Ba a bari ba Baba. Ya ci abarsa a burodi ko a shayi, ya kuma sha abin da likita ya rubuta in an rubuta.

Zainabu_Karantina:
Ku yi haƙuri in kauce kaɗan, amma dole in faɗa tunda an zo kan magani. Yayata tana fama da ciwon gwiwa, wata ta sayar mata da wani gari a ƙullin leda, wai na sanyi ne daga gida, babu suna babu komai. Kwana uku ciwo ya ɗauke kamar an zare ƙaya, ta yi ta yi wa mutane talla. Bayan wata biyu fuskarta ta kumbura ta yi tulu, suganta ya haura 300, sai da aka kwantar da ita. Likita ya ce alamun sun nuna an daka ƙwayar kotizon a ciki. Har yau ba ta koma daidai ba. Abin da za ki ba mijinki, Maman Walida, ya zama kin ga ganyen ko saiwar da idonki, ke kika daka.

Nas_Rabi_Madina:
Allah ya ba ta lafiya. Duk wanda ya san ya daɗe yana shan irin wannan garin, kada ya yanke rana ɗaya, yankewar ma tana da haɗari. Likita ne zai janye shi a hankali.

Hajiya_Indo_Misfala:
Subhanallahi. Mu dai abin da muka gada na ciwon baya da gwiwa a fili yake. Man kaɗanya a narkar, a zuba dakakkiyar citta, ya huce, a murza da dare. A tsoma tawul a ruwan zafi a gasa wurin. Shayin citta da kanumfari da na'ana'a ba suga. Hulba a tafasa a sha in jiki ya yi tsami. Sannan ɗan kunun kanwa, yana warware jiki.

Nas_Rabi_Madina:
Hajiya duka na yarda ban da na ƙarshe. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin da yake ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka gano yawan kunun kanwa da wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Mai 150 bisa 95 ya nisance ta, ko a ɗanwake da miyar kuka ɗan mitsitsi. Haka irk sus, jiƙon saiwa mai zaƙi da ake sayarwa da azumi, yana ɗaga jini sosai. Gashi da ruwan zafi yana da amfani ƙwarai ga baya, sai dai mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ya gwada zafin da gwiwar hannu tukuna, don yana iya ƙonewa bai ji ba.

Hajiya_Indo_Misfala:
Ikon Allah. Haihuwa tara na yi, kowace da kunun kanwa. To na ji, a cire.

Abu_Sadiq_Direba:
A kan baya, abin da ya yi mini aiki ba a sha ba ne. Na cire walat daga aljihun baya, na naɗe ƙaramin tawul na sa a ƙugu tsakanina da kujera, na matso da kujerar yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Duk inda na tsaya jira, maimakon in kishingiɗa da waya, sai in fito in zaga motar in miƙe. Bayan Isha ina taka minti talatin a mamsha, hanyar masu tafiya da ƙafa. Ku a Jidda ga kornish. Gwiwa kuwa nauyi ne, da tumbin ya ragu ita ma ta yi shiru.

Ummu_Haidar:
Mu na Makka Allah ya hutar da mu, sa'ayi kaɗai kusan kilomita uku ne. Amma tsakani da Allah sau nawa muke zuwa? Wata sai ya wuce ban taka Harami ba, ga shi ina hango hasumiyar agogo daga taga.

Nas_Rabi_Madina:
Gaskiya ne Malam Abu Sadiq, kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. In ya koma awo a haɗa da bitamin D, ƙarancinsa ya yi yawa a ƙasar nan duk da ranar da ake yi, saboda kowa gudunta yake, kuma yana kawo ciwon ƙashi da kasala. Amma in ciwon bayan ya fara sauka ƙafa da mutuwar jiki, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba na man kaɗanya ba ne, asibiti a take.

Bint_Sinnar:
Ba wanda ya ambaci zoɓo! Mu karkade muke ce masa, duk mai hawan jini a Sudan ya san shi. A jiƙa a ruwan sanyi ya kwana. Da tsamiya, aradeb, da garin ƙwame na kuka da muke kira gongoles. Ki zuba masa a gora ya tafi da shi mota a madadin lemo. In mura ce kuma, bagaruwa muke turarawa, garad.

Kuku_Ɗanladi:
Zoɓon dai in za a zuba masa suga kofi biyu kamar na biki, gara lemon. Ki sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, sai ɗan zaƙi kaɗan.

Nas_Rabi_Madina:
Zoɓo yana ɗan sauke jini, an gwada an gani, amma kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani. In an ɗora shi a kan ƙwayar hawan jini ya gaya wa likita yana sha. Mai ciki ta bar shi.

Zainabu_Karantina:
Sanamaki fa Anti? Maƙwabciyata kullum sai ta sha wai wankin ciki yana rage tumbi.

Nas_Rabi_Madina:
Ruwa kawai take zubarwa, ba kitse ba. Na bushewar ciki ne, kwana kaɗan, kada ya wuce mako. Kullum-kullum yana sa hanji ya daina aiki sai da shi.

Maman_Walida_Jidda:
Na dawo da labari. Na bi shawarar Malam Abu Sadiq na tambaye shi bayan ya ci abinci. Ya yi shiru, can ya ce gwangwani huɗu, wani lokaci biyar in zafi ya tsananta. Ban yi faɗa ba. Jiya na tuƙa tuwon gero da miyar lalo, dunƙule biyu maimakon huɗu, na ƙara daddawar da Inna ta aiko. Ya cinye malmala biyu, ya nemi ta uku na ƙara masa miya da kifi, ya karɓa. Ya ce rabonsa da wannan ƙamshin tun gidan kakarsa a Gumel. Kwalin maganin yana aljihunsa, gobe zai biya mustausaf. Sai dai tuwon ya yi mini gudaji kuma ya saki da ya huce, yara ma sun ƙi ci sai da na dafa musu makaroni. Tukunya biyu kullum ba zan iya ba.

Hajiya_Indo_Misfala:
Ruɗen ne bai dahu ba 'yata. Ki dama da ruwan sanyi tukuna, ki zuba a tafasasshen ruwa, ki rufe ya yi ta ɓararraka kafin ki fara zuba gari kina tuƙawa, sannan ki bar shi ya turara. Gero ba ya son gaggawa irin ta shinkafa.

Kuku_Ɗanladi:
Don yaran, ki fara da rabi gero rabi shinkafa. Ko ki gwada musu jarish, ɓarzajjiyar alkama ce da laban da albasa, ita aka ayyana abincin ƙasa a nan a 2023. Kusan fate ne, yaran da aka haifa a nan sun san shi daga makaranta da gidajen maƙwabta.

Ummu_Haidar:
Nawa yaran ko jarish ba sa ci, sai indomi. Wannan wata muhawarar ce daban.

Baba_Mai_Dabino:
Malmala biyu ga ƙato mai yini a titi? Ni dai ina ganin an takura shi.

Abu_Sadiq_Direba:
Baba yini a zaune ne fa, ba noma ba. Hajiya, in ya yarda ki karɓi lambata ta hannun masu kula da zauren nan ki ba shi, mu riƙa tuna wa juna tafiyar dare. Shi kaɗai zai gaji a mako biyu.

Maman_Walida_Jidda:
Zan gaya masa, na gode ƙwarai. Hajiya Indo, geron a surfa shi kafin a kai niƙa, ko a wanke kawai a shanya? Na ji kin ce da dusarsa, amma na nan akwai tsakuwa a ciki.